Me ya sa Macarena ta ƙi tsufa, kuma ana iya shirya irinta da gangan?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni matashi ne mai sha'awar waƙa, ban daɗe da fara shiga sitidiyo ba a nan Kaduna. Kwanan baya a bikin yaye ɗalibai na makarantar su ƙanwata aka saka wata tsohuwar waƙa wai ita Macarena, sai na ga yara da malamai duk sun miƙe suna rawa iri ɗaya, ba tare da wani ya tsaya koya musu ba. An ce mini waƙar ta girme ni. Me ke cikinta da ta daɗe haka, alhali ba mai jin yaren? Kuma mutum zai iya zama ya shirya irin wannan da gangan?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farko, me ya sa waƙar da wasu dattawa biyu suka rera da Sifaniyanci tun 1993 har yau take tayar da taro a garin da ba a jin ko kalma ɗaya daga cikinta. Ta biyu, ko akwai hanyar da mawaƙi zai bi ya maimaita wannan sa'a. Na daɗe ina aikin saka waƙa a rediyo da wuraren taro, kuma abin da na fahimta shi ne Macarena ta rayu ne saboda ta fita daga hannun masu ita ta koma hannun jama'a. Mutane ba sauraronta suke yi ba, yin ta suke yi da jikinsu. Amma kafin mu kai nan, ya kamata ka san inda ta fito, domin tarihinta kaɗai ya amsa rabin tambayarka.

Daga Sevilla zuwa Caracas

Masu waƙar su biyu ne, Antonio Romero Monge da Rafael Ruiz Perdigones, waɗanda ake kira Los del Río. 'Yan garin Dos Hermanas ne, kusa da Sevilla a kudancin Sifaniya, kuma tun 1962 suke waƙa tare. Kiɗansu na gargajiyar yankin Andalus ne, irin wanda ake yi da jita da tafi a bukukuwan gari. Ka lura da wannan da kyau: shekara 30 suka yi suna tsayawa gaban taro kafin su yi waƙar da duniya ta san su da ita. Mutumin da ya yi wannan daɗewar yana kiɗa wa masu rawa ya san abin da ke ɗaga mutum daga kujera, ko da ba zai iya bayyana maka shi da baki ba.

A 1992 suka je Venezuela. A wata liyafa da attajirin ƙasar Gustavo Cisneros ya shirya a Caracas, wata mai koyar da flamenco, rawar gargajiya ta kudancin Sifaniya, da ake kira Diana Patricia ta fito ta taka. Rawar ta burge Antonio, nan take ya jefa mata baiti, kamar dai yadda makaɗi a wurinmu zai ga wanda ya iya taku ya yi masa kirari ba shiri. Ma'anar baitin shi ne ta ba jikinta farin ciki. Wannan ne ya zama amshin waƙar. Daga baya suka zauna suka ƙarasa ta, suka sa mata suna Macarena, wanda sunan mata ne sananne a Sevilla, kuma sunan wata unguwa ce a birnin. A 1993 ta fito a cikin kundinsu, ta samu karɓuwa a Sifaniya da ƙasashen Latin Amurka.

Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne an haifi amshin ne ana tsakiyar kallon rawa. Ba a rubuta shi a takarda aka zo ana neman takun da zai dace da shi ba. Shi ya sa kalmominsa ke gudu da sauri suna bin kiɗa, su zo su tsaya cak a kan sunan yarinyar, inda kowa zai iya ɗaga murya ya kama ko bai san sauran ba.

Yadda ta shiga Amurka

Da a wannan zubin na farko ta tsaya, da wuya ka ji ta a Kaduna. Abin da ya sauya labarin ya faru ne a Miami a 1995. Wani mai saka waƙa a tashar rediyo ta Power 96, Johnny Caride, ya ga yadda mutane ke ta neman ta a gidajen rawa, amma tashar ba ta saka waƙar da ke Sifaniyanci zalla. Sai shi da abokan aikinsa biyu, Mike Triay da Carlos de Yarza, waɗanda ake kira Bayside Boys, suka yi mata sabon zubi. Suka ɗora kiɗan na'ura, suka sa mace ta rera baitoci da Turanci, amma suka bar amshin dattawan nan yadda yake. Wannan zubin ne duniya ta sani.

Kuma ba dare ɗaya ta yi suna ba, ko da yake haka mutane ke zato. Ta shiga jadawalin mujallar Billboard na waƙoƙi 100 mafiya tashe a Amurka a 1995, ta ɗan yi sama ta sauko ta fita, sannan ta sake dawowa. Sai a makonta na 33 a jadawalin ta kai lamba ɗaya, a farkon Agustan 1996. Da ta hau kuwa sai da ta yi mako 14 a jere a wurin, jimillar zamanta a jadawalin kuma mako 60. Ita ce waƙar shekara ta 1996 a Amurka. A Birtaniya ta tsaya a lamba biyu, domin lokacin ne 'yan matan Spice Girls suka fito da waƙarsu ta farko suka tare wurin.

Wannan jinkirin yana da ma'ana. Waƙar da kamfani ya tura da kuɗi takan hau da sauri ta faɗo da sauri. Wadda ke tafiya daga biki zuwa biki, daga gidan rawa zuwa filin wasa, tana buƙatar lokaci, domin kowane mutum sai ya gani a jikin wani kafin ya koya. Babu YouTube a lokacin, babu TikTok. Rediyo ne da talabijin da kaset da faifai, sai kuma idon mutane.

Zuwa daminar 1996 abin ya wuce maganar waƙa. A filin wasan Yankee da ke New York kimanin mutum 50,000 suka yi rawar tare. A babban taron jam'iyyar Democrat da aka yi a Chicago cikin Agustan wannan shekarar, wakilai sun yi ta takawa a zauren taro ana nunawa a talabijin, har mataimakin shugaban ƙasa Al Gore, wanda aka sani da rashin sakin jiki, ya ce zai nuna tasa Macarenar, ya tsaya ƙiƙam bai motsa ba, zauren ya kwashe da dariya. Duk waƙar da ɗan siyasa zai yi raha da ita gaban ƙasa ba tare da ya yi bayani ba, to ta riga ta shiga kowane gida.

Rawar ita ce ginshiƙi

Nan ne nake so mu daɗe, domin nan amsar take. A bidiyon da aka yi wa sabon zubin, dattawan biyu suna tsaye cikin kwat suna rera waƙa, ga 'yan mata goma masu launin fata daban-daban suna rawa a gaban farin bango. Mia Frye, wadda ke cikinsu, ita ake dangantawa da tsara takun da aka nuna. Babu labari a bidiyon, babu mota, babu gida. Darasin rawa ne kawai aka yi wa duniya, ana maimaita shi har ka iya.

Dubi yadda takun yake. Ka miƙa hannun dama gaba tafin yana kallon ƙasa, sannan na hagu. Ka juya na dama ya kalli sama, sannan na hagu. Ka ɗora na dama a kafaɗar hagu, na hagu a ta dama. Ka kai na dama ƙeya, na hagu ya bi. Ka sauke su a ƙugu a gicciye, ka warware su kowanne ya koma gefensa. Sai a ɗan girgiza, a yi tsalle a juya gefe guda, a sake daga farko. Ƙirga 16 ne gaba ɗaya, kuma 12 daga ciki hannu ne kawai ke aiki. Duk abin da dama ta yi hagu za ta maimaita, saboda haka motsi shida kacal mutum ke haddacewa.

Abu uku na gani da idona a wuraren aiki. Ba waƙa ce da ake nema a bikin Hausawa zalla ba, a kamu ko wuni ba ta da wuri. Inda take yi mini aiki shi ne bikin makaranta, ko liyafar ma'aikata inda aka haɗa ƙabilu da shekaru daban-daban, kowa yana jin nauyin kowa.

Na farko, ƙafa ba ta da aiki sosai. Na ga malama da goyo a baya tana yin ta daidai, tana tsallake tsallen kawai ta juya a hankali. Na ga dattijo cikin babbar riga yana zaune a kujera yana bin hannun. Rawar da ke buƙatar gwiwa da saurin ƙafa ta riga ta kori rabin taro tun kafin a fara.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci a wurina, ba ta tona asirin wanda bai iya ba. A yawancin rawarmu ta biki ana yin da'ira ne, mutum ya shiga tsakiya duk ido a kansa, a yi masa liƙi in ya burge. Mai kunya ba zai taɓa shiga ba. A Macarena kuwa sahu ake yi, kowa na kallon gefe guda, kana ganin bayan wanda ke gabanka kana kwaikwayonsa. In ka yi kuskure ba wanda ya gani, domin kowa na fama da nasa hannun. Sannan wannan juyawar da ake yi bayan kowane zagaye tana sauya sahun: wanda ke gaba yanzu zai koma gefe, can ya koma baya. Ba wanda zai daɗe a gaba har kunya ta kama shi. Sau da yawa na ga yaron da ya maƙale a bango a zagayen farko, a na biyu hannunsa ya fara motsi a ɓoye, a na huɗu yana cikin sahu.

Na uku, ba a buƙatar abokin rawa, ba a taɓa jikin kowa. Wannan ya buɗe mata ƙofar makarantu da tarukan iyali a ƙasashe masu al'adu mabambanta, inda rawar riƙe juna ba za ta shiga ba.

Kiɗan kansa ma ya taimaka. Bugunsa kusan 103 ne a minti, wato saurin mutum mai tafiya da hanzari, bai kai gudu ba. Kuma kiɗan ba ya sauyawa daga farko har ƙarshe. A wurin mai saurare wannan aibi ne, don yana gundura. A wurin mai koyon rawa kuwa alheri ne, don ba abin da zai zo masa ba zato.

Abin da waƙar ke faɗa

Tunda a makaranta ka ji ta, ya dace ka san wannan. Baitocin suna ba da labarin wata yarinya ce mai saurayi ana ce masa Vitorino. Yana can ana rantsar da shi a aikin soja, ita kuma tana nan tana holewa da abokansa biyu. Baitocin Turancin ma a kan wannan hanyar suke, yarinyar na yi wa saurayin shaguɓe. Miliyoyin iyaye sun yi rawar da 'ya'yansu ba su san wannan ba. Ni dai in taron yara ne, kiɗan zalla nake sakawa ko in yanke baitocin in bar amshi, kuma ban taɓa ganin wanda ya lura an cire wani abu ba. Wannan kaɗai ya nuna maka cewa ba kalmomin ne suka ɗauki waƙar ba. Kada ka fahimce ni cewa baiti ba shi da daraja. A waƙar Hausa ma baiti ne kan gaba, mutanenmu masu sauraron magana ne. Amma waƙar da za ta ƙetare harshe, dole nauyinta ya kasance a wurin da ba ya buƙatar tafinta.

Abin da ta bari

Kafin ƙarshen 1996 mutane sun fara ƙosawa da ita, kamar yadda ake ƙosawa da duk waƙar da rediyo ya saka safe da yamma. Los del Río sun fitar da wani zubin na Kirsimeti a ƙarshen shekarar, bai kai Macarena ta asali tashe ba, kuma ba su sake yin wata waƙa da ta kama ƙafarta a wajen ƙasarsu ba. A 2002 tashar talabijin ta VH1 ta Amurka ta sa ta a lamba ɗaya cikin jerin waƙoƙin mawaƙan da suka yi tashe sau ɗaya tak.

Sai dai fitarta daga rediyo bai kashe ta ba, ƙaura ta yi. Ta koma bukukuwan aure da filayen wasa da makarantu, inda ake saka ta sau ɗaya a rana ɗaya, ba ta samun damar gundurar da kowa. Iyaye suka koya wa 'ya'ya. Finafinan yara suka ɗauke ta, har fim ɗin zane na Hotel Transylvania kashi na 3 da ya fito a 2018 ya yi amfani da ita a ƙarshensa, wanda hakan na cikin hanyoyin da yaran yanzu suka san ta. A 2019 mawaƙin Amurka Tyga ya gina sabuwar waƙa a kanta, dattawan biyu suka fito a bidiyon. Har likitoci sun sami abin yi da ita: a 2018 wasu masu bincike a Barcelona suka nuna cewa rera ta a zuci na taimaka wa mai danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya ya riƙe saurin da ake so, wato danna 100 zuwa 120 a minti.

Babban gadonta a wurina shi ne hanyar da ta share. Gangnam Style ta PSY daga Koriya ta Kudu, wadda ta zama bidiyon farko da aka kalla sau biliyan ɗaya a YouTube a Disambar 2012, tsari ɗaya ta bi: harshen da yawancin duniya ba sa ji, amshi gajere, taku mai sauƙin kwaikwayo. Haka Jerusalema ta Master KG da Nomcebo Zikode daga Afirka ta Kudu, wadda ta fito a ƙarshen 2019 da yaren Zulu. Wasu matasa ne a Angola suka ɗauki bidiyo suna rawa da farantan abinci a hannu, daga nan ma'aikatan asibiti da 'yan sanda da limaman coci a ƙasashe da dama suka kama a lokacin kullen korona. Ita ma rawar sahu ce da ake juyawa, kuma ita ma ba daga hannun mawaƙan takun ya fito ba.

To, ana iya shiryawa da gangan?

Ana iya shirya kayan haɗin, amma ba a iya shirya kamawar. Kamfanoni masu kuɗi sun yi ta gwadawa tun 1996, suna ƙirƙirar taku suna biyan masu rawa, mafi yawan waƙoƙin ba su daɗe ba aka manta da su. PSY kansa ya fitar da wata waƙa a 2013 da wani taku daban, an kalle ta sosai, amma yau ba za ka ga ana yin ta a biki ba. Duk bayanin da na yi maka a sama bayani ne na bayan faruwar abu. Akwai waƙoƙi da yawa masu sauƙin taku da daɗin amshi da ba wanda ya san su, saboda ba su gamu da irin mutumin Miami ɗin nan ba, ko kuma sun fito a lokacin da kunnen jama'a ke wani wuri. Wannan ɓangaren rabo ne, ba wanda zai sayar maka da shi.

Abin da ke hannunka shi ne wannan. Ka riƙa zuwa inda ake rawa kana kallon mutane, musamman waɗanda ke zaune, ka lura da abin da ke sa ƙafarsu ta fara bugun ƙasa. In ka haɗa waƙa, kada ka fara gwada ta a kan abokanka na sitidiyo, su za su yaba ko yaya take. Ka saka ta a gida inda akwai yara da manya, kada ka ce komai. In yaro ya kama amshin kafin ta ƙare, kana kan hanya. In kana son taku, ka yi wanda mace cikin zani da dattijo cikin riga za su iya, wanda za a koya a kallo biyu. In kuma jama'a suka ƙirƙiro nasu takun ya fi naka karɓuwa, ka bar naka ka bi nasu.

Sannan maganar haƙƙi, wadda matasa ke wasa da ita. Antonio da Rafael su ne aka rubuta a matsayin marubutan waƙarsu, shi ya sa duk wanda ya ɗauke ta a fim ko talla ko sabon zubi sai ya biya. Matar da ta rera baitocin Turanci kuwa, wadda duniya ta haddace muryarta, da wuya ka sami wanda ya san sunanta. Nomcebo ma ta fito fili a 2021 ta ce ba a biya ta haƙƙinta na Jerusalema ba, aka shiga taƙaddama da kamfanin da ya fitar da waƙar. Irin wannan rigimar ba ta tasowa sai waƙa ta yi kuɗi, lokacin kuwa kowa ya riga ya manta alkawarin baki. Saboda haka tun kafin ku fita daga sitidiyo, ku rubuta wanda ya yi baiti, wanda ya yi kiɗa, wanda ya rera, da kason kowa, ku sa hannu gaban shaida, kowa ya riƙe kwafi. Ka yi haka ko da waƙar da kake ganin ba za ta wuce unguwarku ba ce.

Allah ya sa albarka a cikin abin da ka sa gaba.